Yadda Ƴaƴanmu Za Su Ciwo A1 A Jarrabawar Ilimin Kiwon Lafiya

Duk shekara idan bazara ta yi nisa, a daidai lokacin da farashin hatsi ke tashi a kasuwanninmu, akwai wani ciniki da ake ƙullawa a cikin ajujuwa wanda yawancinmu ba mu cika sa masa ido ba, alhali kuwa da kuɗinmu ake yin sa. Wannan ciniki shi ne jarrabawar kammala sakandare ta Najeriya, wadda da yawa daga cikin ƴaƴan ƴan kasuwar Maraɗi da Ɗan Isa da Birnin Ƙonni da Magariya da Gaya ke zaunawa a makarantun Katsina da Jibiya da Illela da Daura da Kamba, ko dai don suna zaune wurin dangi a can, ko don iyaye sun zaɓa masu karatun Ingilishi saboda harkar kasuwa.

Daga cikin darussan da yaran ke ɗauka akwai Ilimin Kiwon Lafiya. Ɗalibai kan raina shi, suna cewa ai darasi ne na wanke hannu da share tsakar gida, don haka sai su bar shi sai daren jarrabawa. Idan sakamako ya fito sai a ga C6 ko D7, a darasin da ya kamata a ce ɗan kasuwa ya fi kowa cin riba a cikinsa. Dalilinmu na faɗin haka shi ne, kusan rabin abin da ake tambaya yana nan shimfiɗe a kasuwa, yaro na gilma shi safe da yamma. Abin da ya rage shi ne ya san sunansa da Ingilishi, ya san dalilinsa a kimiyyance, ya kuma iya rubuta shi yadda mai duba takarda ke so.

Mu fara sanin jarrabawar

Hukumomi biyu ne ke shirya ta. Ta farko ita ce WAEC, wadda aka kafa a 1952, mai hedikwata a Accra, kuma ƙasashe biyar suka haɗu a kanta: Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya. Ta biyu ita ce NECO, ta Najeriya ita kaɗai, wadda aka kafa a 1999, hedikwatarta na Minna, ta kuma yi jarrabawarta ta farko a 2000. WAEC ce ke fara tata, NECO ta biyo baya da damina. NECO na da makarantun da ta amince da su a wajen Najeriya, har da nan Nijar. Takardar da yaro ke samu matsayinta ya yi kusa da na bakaloriya a wurinmu, domin da ita ake neman shiga jami'a da manyan makarantu.

Sakamako hawa tara ne. A1 ne ƙololuwa, sai B2 da B3, sai C4 da C5 da C6. Waɗannan shida su ake kira kiredit, su ne kuma manyan makarantu ke karɓa. D7 da E8 tsira ce da ƙyar, F9 kuwa faɗuwa ce. A lissafin da makarantun Najeriya suka saba bi, A1 na farawa daga maki 75 cikin 100, wato 15 bisa 20 ga waɗanda suka saba da lissafin lakwal.

A WAEC, darasin Ilimin Kiwon Lafiya takarda uku ne, kuma dole a yi su duka. Ta farko tambayoyin canki-canka ne guda 50, inda ake ba yaro amsoshi ya zaɓi ɗaya. Ta biyu ta rubutu ce, mai gajerun tambayoyi da kuma dogaye. Ta uku ta aiki a aikace ce, inda ake nuna wa yaro abu ko hotonsa, kamar ƙwaro ko abinci ko ƙashi ko kayan taimakon gaggawa, a ce ya faɗi sunansa da amfaninsa ko illarsa. Haka zalika makaranta na aika makin aikin aji na shekarun babbar sakandare, a haɗa da na jarrabawa. Wannan ya sa yawan ɗauke yaro daga wannan makaranta zuwa waccan, duk lokacin da uba ya sauya kasuwa, yana iya jawo masa asara.

Manhajar ta ƙunshi sassan jikin ɗan Adam da aikinsu, da tsaftar jiki, da abinci, da ruwa da muhalli, da cututtuka masu yaɗuwa da marasa yaɗuwa, da taimakon gaggawa, da miyagun ƙwayoyi, da zaman iyali, da lafiyar ƙwaƙwalwa, da haɗurran sana'a, da wayar da kan mai saye. Duk yaron da bai taɓa riƙe wannan manhaja a hannunsa ba, tamkar fatake ne da suka kama hanya ba su san kasuwar da za su ci ba.

Kasuwa ita ce ɗakin gwaji

Mu ɗauki babin abinci. Littafi ya kasa abinci gida shida: masu ba da ƙarfi, masu gina jiki, masu maiƙo, bitamin, ma'adinai, da ruwa. Yaron da ya ratsa layin ƴan hatsi ya ga gero da dawa da masara da garin rogo, ya ga rukunin farko. Wake da muke lodawa zuwa kudu, da gujiya da ƙuli-ƙuli da kilishi da nono da fara, su ne na biyu. Man gujiya da manja da man shanu na uku. Zogale da kuka da karas da mangwaro da lemu su ne gidan bitamin. Idan ya ware rana guda ya bi rumfa-rumfa da ɗan littafinsa, yana rubuta sunan kowane kaya da Hausa da Ingilishi tare da rukuninsa, ya gama da wannan babi, kuma ba zai manta ba, domin gani ya kori ji.

Daga nan sai ya haɗa kowane rashi da cutarsa, domin tambaya ce da ba ta cika ɓacewa ba. Rashin bitamin A na kawo dundumi. Rashin bitamin C na sa dasashi zubar da jini. Rashin bitamin D na lanƙwasa ƙafafun yara. Rashin aidin na kawo maƙoƙo, shi ya sa ake zuba shi a gishiri. Rashin sinadarin ƙarfe na kawo ƙarancin jini. Rashin abinci mai gina jiki na kawo tamowa mai kumbura ƙafa da ciki, wadda littafi ke kira kwashiyoko.

Babin wayar da kan mai saye kuwa, wannan gadon gidanmu ne. Kowane kwalin magani ko gwangwanin madara da ya fito daga Kano yana ɗauke da darasi: ranar da aka yi shi, ranar da zai lalace, lambar rukunin da aka sarrafa shi, sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, wadda ta yi suna wajen yaƙi da jabun magani a zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008. Idan aka tambayi yaro illolin sayen magani a hannun mai talla a faranti, ya tuna da wanda yake gani a tasha: rana ta gasa maganin, babu wanda ya auna mara lafiya, ba a san adadin da za a sha ba, wani ma lokacinsa ya wuce.

Haka babin muhalli. Kwatar da ta toshe a bayan ƴan nama, da jujin da ke kusa da masu tuwo, da ƙudajen da ke tashi daga can su sauka a nan, su ne bayanin yadda kwalara da taifot da atuni ke yaɗuwa daga bayan gida zuwa baki. Littafi ya ce a haƙa masai nesa da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta gangaren ƙasa. Babin haɗurran sana'a yana nan a wurin mai sayar da fetur a kwalba, da ɗan dako mai ɗaukar buhu a ƙeya, da mai walda da ba ya sa tabarau. Babban misali shi ne gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Babin miyagun ƙwayoyi ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ya san abin da tramol ya yi wa samarin tasha. Sai dai yaro ya riƙe cewa NDLEA, da aka kafa a 1989, ita ce hukumar yaƙi da su a Najeriya, kuma a 2018 ne gwamnatin ƙasar ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Amsar gida daban, ta littafi daban

A nan ne yara masu ƙwazo ke zubar da maki ba su sani ba, domin sukan rubuta abin da suka taso suna ji a gida. A gida mukan ce shiga rana ko shan ɗanyen mangwaro ne ya kawo zazzaɓi. A takarda, ƙwayar cuta mai suna Falasmodiyum ce ke kawo maleriya, tamatar sauron Anofilis kuma ita ke ɗauko ta. Yaro ya bambance mai haddasa cuta da mai ɗaukar ta, domin tarko ne da aka saba ɗanawa. Tsargiya, wadda wasu ke ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi na cikin tafki ta huda fata. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu, kuma ba a cusa wa mai ita cokali a baki. Amosanin jini, wato sikila, gado ne: idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

A taimakon gaggawa ma haka abin yake. Wanda ya ƙone, ruwan sanyi mai tsafta ake kwarara wa wurin na tsawon mintoci, ba a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki. Mai haɓo ya zauna ya sunkuyar da kai gaba ya matse hanci kamar minti 10, kada ya ɗaga kai sama. Wanda maciji ya sara, a kwantar masa da hankali, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibiti, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa. Jini idan yana zuba, a danne da ƙyalle mai tsafta a ɗaga gaɓar. Mai gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsafta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri. Yaron da ya riƙe waɗannan ya ci maki, kuma wata rana yana iya ceton rai a rumfar ubansa.

Ingilishi da tsarin amsa

Sau da yawa ƴaƴanmu sun san abu da Hausa sarai, Ingilishin ne ke kayar da su. Kowane yaro ya san sanƙarau da ƙyanda da shan inna da tarin fuka da mashaƙo da kurkunu. Maganin wannan shi ne ya buɗe littafin rubutu guda, ya ja layi ya kasa kowane shafi gida biyar: sunan cuta da Hausa, sunanta da Ingilishi, abin da ke haddasa ta, hanyar yaɗuwarta, da rigakafinta. Kullum ya haddace kalma biyar ya rubuta su da ka. A darussan kimiyya, sunan da aka rubuta da kuskuren harafi yakan rasa makinsa, kuma rahotannin manyan masu duba takardu, waɗanda WAEC ke fitarwa bayan jarrabawa, sun sha kokawa a kan kuskuren rubuta kalmomin kimiyya da rashin bin umarnin tambaya.

Kowace tambaya tana buɗewa da kalmar umarni, kuma dole yaro ya san ma'anar kowacce da Ingilishi. Idan an ce ya lissafa, sunaye kawai ake so, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Idan an ce ya faɗi, gajeriyar jimla cikakkiya ake so. Idan an ce ya yi bayani, sai ya kawo dalili da yadda abin ke faruwa. Idan an ce ya bambanta abu biyu, ya ja jadawali ya sa kowane bambanci daura da ɗan uwansa. Idan an nemi abu huɗu ya ba da huɗu, ya fara da waɗanda ya fi tabbata da su. Makin da ke gefen tambaya shi ne farashinta: tambaya mai maki 2 ba a cika mata shafi, kamar yadda ba a kai buhu ga wanda ya sayi tiya.

Zane kuma da fensir mai tsini ake yin sa, babba, a sa masa suna a sama ko a ƙasa, a ja layukan nuni da rula, kada su gitta juna. Zuciya da haƙori da ido da kunne da fata da ƙoda da hanyar abinci su ne ya kamata hannun yaro ya saba da su tun kafin ranar. A takardar canki-canka, tambaya 50 cikin awa guda na nufin minti ɗaya da ƴan daƙiƙoƙi ga kowacce. Wadda ta yi tauri ya tsallake ta ya dawo daga baya, kuma kada ya bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki don an yi kuskure. Tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta, saboda haka yana da kyau yaro ya saba da ita, iyaye kuma su tambayi makaranta tsarin da za a bi a shekarar ɗansu.

Lambobi da shekarun da ake riƙewa

Mu ƴan kasuwa mun san darajar riƙe lissafi a ka. Baligi na da ƙasusuwa 206 da haƙora 32, haƙoran nono kuwa 20 ne. Zuciya ɗaki huɗu ce. Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne. Rukunin jini huɗu ne: A da B da AB da O. Jariri na shan nonon uwa zalla wata 6. Allurar BCG ta tarin fuka da haihuwa ake yin ta, ta ƙyanda kuma a wata 9.

A ɓangaren tarihi, Edward Jenner ya fara rigakafin agana a 1796, Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, Ronald Ross ya tabbatar da hannun sauro a maleriya a 1897, Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928. An kafa Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 7 ga Afrilu 1948, mazauninta na Geneva. Taron Alma-Ata na 1978 shi ya ɗora tubalin kiwon lafiya a matakin farko. An bayyana kawar da agana daga duniya a 1980. Nijar da Najeriya sun samu shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, nahiyar Afirka kuma ta samu ta rabuwa da ƙwayar shan inna ta asali a 2020. Dattawanmu da suka ga annobar sanƙarau ta 1995 da 1996 za su iya ba yaro labarin da zai sa babin ya zauna masa: lokacin zafi da ƙura, cunkoso a ɗaki, sanƙarewar wuya.

Rabon da ya hau kan iyaye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da yaro ke buƙata daga wurinmu shi ne lokaci. Mun san cewa ranar Lahadi a Jibiya da Illela da Mai'aduwa, ko Alhamis a Maigatari, hannu ɗaya ba ya isa a rumfa. To amma a watanni ukun ƙarshe, gara a ɗauki yaron shago a biya shi da a hana mai jarrabawa zuwa aji. Ita ma yarinya a rage mata talla da aikin gida. Awa guda bayan sallar asuba da awa guda bayan isha'i, kullum ba fashi, sun fi kwana a zaune a daren jarrabawa.

Na biyu, a saya masa manhaja da littafin darasin da kuma kundin tsofaffin tambayoyi na aƙalla shekara biyar. Ya riƙa amsa su da agogo a gabansa, littafi a rufe, sannan ya kai wa malami ya duba. Ko uba bai yi boko ba, yana iya zaunar da ɗansa ya ce ya yi masa bayanin yadda kwalara ke yaɗuwa da Hausa. Wanda ya kasa fahimtar da ubansa, bai fahimta ba tukuna.

Na uku, batun iyaka. Mun ga yadda aka rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Yaron da ke ƙetarawa kullum, a sama masa masauki kusa da makarantarsa kafin a fara, tare da katinsa na jarrabawa da jadawalin ranaku a hannu. Takardar da aka rasa ba a maimaita wa mutum ita, sai ya sake zama wata jarrabawar da wani sabon kuɗi.

Na huɗu, kada mu sayi jabu. Akwai masu zuwa su ce a kawo kuɗi za a samo amsa, ko a kai yaro wata cibiya inda ake rubuta wa ɗalibai a allo. Najeriya na da dokar hukunta maguɗin jarrabawa tun 1999, kuma a 2024 kaɗai WAEC ta riƙe sakamakon ɗalibai sama da 200,000 bisa zargin maguɗi. A 2025 ta fara sassauya jerin tambayoyin canki-canka a wasu darussa, ta yadda na kusa da kai ba lallai takardarku ta zo ɗaya ba. Ban da wannan ma, wanda ya sayi A1 a darasin lafiya, gobe shi ne zai riƙe allura a kan jikokinmu.

Bayan an ci

Ya kamata mu faɗi gaskiya a nan, don kada wani ya yi lissafin da ba zai fita ba. A1 a Ilimin Kiwon Lafiya ba ya maye gurbin sauran darussa. Kwalejojin koyon aikin jinya da ungozoma na Najeriya suna neman kiredit a Ingilishi da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Amfanin wannan darasi shi ne yana ƙarfafa Bayoloji, domin babin sassan jiki da na cututtuka kusan ɗaya ne a duka biyun, yana ƙawata takarda, yana kuma share fage ga mai son shiga makarantar fasahar kiwon lafiya. Tun yaro na aji ɗaya na babbar sakandare ya kamata a je a tambayi sharuɗɗan makarantar da ake hari, a zaɓi darussa daidai da su.

Garuruwanmu na bakin iyaka suna da buƙatar malaman asibiti da ungozomomi da duba-gari waɗanda ke jin harshen mutane, musamman mata da za su duba matanmu. Daga cikin ƴaƴanmu za su fito, idan mun ba su lokaci da littafi, muka kuma bibiyi karatunsu kamar yadda muke bibiyar kayan da muka aika Kano. Lafiya uwar jiki ce, kasuwa ma sai da ita ake ci. Allah ya ba ƴaƴanmu sa'a, ya sa albarka a cikin abin da muke nema, amin.